Kwalliyar Sallah Kafin Zuwan Leda

A farkon shekarar 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya sauka a Kano, ya yi makonni yana zaga birni da kasuwa yana rubuta abin da idonsa ya gane masa. Cikin abubuwan da suka ɗauki hankalinsa har da yadda matan garin ke samun shunin da suke shafawa a gashi da gira da hannuwa da ƙafafu. Tsohuwar riga ce, in ji shi, wadda ta gama yayinta. Sai a tsattsage ta, a mayar da ita marina a sake turawa, a haƙa rami, a cuɗe ta da kashin tumaki, a jiƙa sharkaf, a binne da ɗanyar ƙasa. In da bazara ne, kwana bakwai ko takwas sun isa. In da hunturu ne sai an riƙa hura wutar girki kusa da ramin, a jira kwana goma. Abin da za a tono ya riga ya ruɓe, da ƙyar zarensa ke riƙe juna. A shanya shi a rana, a kai kasuwa. Mace ta gutsuri kaɗan ta jiƙa da ruwa, gashin tsuntsu a hannu ɗaya, madubi a ɗayan, ta zauna zaman ado.

Rigar da maigida ya gama da ita ke nan, maimakon juji, jikin uwargida ta koma.

Haka kusan duk kayan kwalliyar Sallah suke a ƙasar Hausa ta wancan zamani. Yawancinsu daga bayan gida ko bakin daji suke fitowa, wanda kuwa sai an saya, ana sayensa ɗan mitsitsi. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da kuɗin wuri take ciniki, kuma lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar wuri 2,500 ne ke yin dala ɗaya ta azurfa. Kuɗin da ya kai wannan ƙanƙanta yana ba talaka damar sayen abu daidai da ƙarfinsa. Ɗan koli zai baza hajarsa a tabarma, ga kwalli, ga madubi, ga allura, ga tsakiya da jigida da turare, kuma ba ya raina cinikin 'yan wuri kaɗan. Matan aure da ke kulle ba sa taka kasuwa, saboda haka yara da dillalai ne ƙafafunsu. Har bayan da wuri ya mutu, anini da sisi suka gaje shi, maganar ba ta sauya ba: "Kawu, Inna ta ce a ba ta kwalli na sisi." Yarinyar za ta miƙa kuɗi da hannu ɗaya, ta miƙa mazubi da ɗayan. Ɗan koli kaya yake sayarwa, abin zubawa kuwa kowa da nasa yake zuwa.

Mazubin kwalli shi ne tandu, kuma yin sa sana'a ce mai zaman kanta. Mai tandu yakan fara da yumɓu, ya gina siffar 'yar kwalba mai dogon wuya, ya bar ta ta bushe. Sannan ya ɗauko ɗanyar fata da ta jiƙu ta yi laushi, ya kankare ta har ta yi shara-shara, ya lulluɓe yumɓun da ita yana matsewa da yatsu, hawa bisa hawa, yana shafe gaɓar har ta ɓace. In ya ga dama ya yi mata ado da siraran fatu masu launi. Rana ce ke ƙarasa aikin. Idan fatar ta bushe ta yi tauri, sai ya bubbuga har yumɓun da ke ciki ya farfashe, ya zazzage shi ta baki, abin da ya rage shi ne tandu: mara nauyi, ba ya fashewa in ya faɗi, da murfinsa da ɗan tsinken sa kwalli. Manyansa fatake ke zuba man shanu da zuma a ciki su ɗora wa jaki. Ƙaramin kuwa yakan bi amarya ɗakin miji, ya tsufa tare da ita, sau da yawa 'yarta ta gaje shi.

Abin da ke cikin tandun shi ne inda tarihin bai yi wa kowa daɗi ba. Kwallin gargajiya dutse ne mai ƙyalli da ake haƙowa a wurare irin su Zurak a ƙasar Wase, da Arufu a kwarin Binuwai, da Abakaliki can kudu, a niƙa shi ya yi laushi. Dutsen darma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston wanda aka samu darma ta yi yawa a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga kashi 82.6 cikin ɗari darma ce zalla. Kakanni sun sa wa jarirai kwalli da niyyar gyara ido, kuma ba su da ma'aunin da zai nuna musu abin da ke shiga jini. Wanda ke ɗokin komawa kayan da, to ya tsallake wannan, aƙalla a idon yara.

Lalle kam ba shi da irin wannan tabo, shi ya sa ya fi kowane kayan ado daɗewa a kan karagarsa. Ɗan itace ne da ake shinge da shi a lambu da fadama. A tsinko ganyen, a shanya a inuwa, a daka a turmi, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, wasu su matsa lemon tsami, a ajiye ya tsima. Aikin na dare ne. Kwana biyu ko uku kafin Sallah, bayan an yi lisha an kwashe tuwo, matan gida za su baje a tsakar gida, kowacce da kaskon lallenta. Ba wadda ke iya yi wa kanta duka, don haka hannu ke wanke hannu: wannan ta dambara wa waccan a tafin ƙafa, ta bi gefe da yatsa ta fitar da layi, ta lulluɓe da ganye mai faɗi, ta naɗe da tsumma ta ɗaure tam. Hannu kuwa zunguru ake zura shi, wato dogon duma da aka fafe aka zuba kwaɓaɓɓen lalle a ciki, mace ta kwana da shi har wajen gwiwar hannu. "Yaya, sosa mini baya, hannuna na ciki," za ka ji wata na roƙo, yara na dariya. Da asuba a kwance, a kankare, a duba. In bai kama yadda ake so ba, daren gobe a maimaita har ja ya koma baƙi-baƙi.

Da gari ya waye, me ƙunshin ya bari? Busasshen lalle da ganye, waɗanda tsintsiya za ta kai turken awaki. Tsumma a wanke a adana. Zunguru a rataye shi a ɗaki sai Babbar Sallah, ko sai an tashi sa wata a lalle. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, ta yi ta ambaton sa amarya a lalle cikin bukukuwan da ta gani tun tana yarinya a ƙarshen ƙarni na 19. Wanda ya karanta zai lura cewa ƙawaye da iyayen biki ne ke yin aikin, a matsayin zumunci.

Sauran kayan ba su da wuyar lissafi. Karkashi da kanwa na wanke kai, man shanu na kitso, doka kuwa a kan curin tsumma ake tayar da ita. Furen taba da goro na rina haƙora su yi ja, katambiri na zanen fuska, man kaɗanya na hana fata bushewa da hunturu, dutse na goge kaushi, soso kuwa a jikin danga yake fitowa. Sabulu daga toka ake samo shi: a tace ruwanta, a dafa da mai ko kitse har ya kama jikinsa, a dunƙula. Sabulun salo, wanda har yau ake kawowa daga ƙasar Yarbawa da Gana, da tokar ɓawon koko ko na ayaba ake yin sa. Murhu ya gama da abu, kwalliya ta ɗauka.

Sharar da ta rage bayan duk wannan ma tana da masu jiranta. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano a shekarun 1960, inda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta. Abin da ke riƙe da gonakin shi ne taki, kuma wani kaso mai yawa daga cikin birni yake fitowa. Da rani jakuna kan shigo ta ƙofofin gari da itacen girki, su fita da mangala cike da toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Jujin unguwa dukiya ne. Gyaran gidan da mata ke yi gab da Sallah, a share lungu da saƙo, a yi wa ɗaki shafe da farar ƙasa, a kwashe turke, ƙarshensa a gonar gero yake. Marina ma haka: taɓon da ke kwantawa a gindin karofi akan kwashe shi a ƙone ya zama katsi, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata a yi laso, simintin Hausa na shafe soro da gyaran ramin rini.

Babbar Sallah ita ta fi nuna wannan hali. Ragon layya ba a zubar da komai nasa sai abin da ke cikin tumbi, shi ma taki ne. A soya nama a cikin kitsensa ya yi watanni bai lalace ba, a nannaɗe hanji, a babbake kai da ƙafa, a ɓoye wani yanki, sau da yawa wutsiya, har daren cika-ciki a watan Muharram. Fata ta zama buzun salla ko ta tafi majema, kuma a zamanin nan ƙungiyoyin addini irin su Izala kan bi gida-gida suna tattara ta don ayyukansu. Tuwon Sallah a akushi ko kwano ake aikawa maƙwabta, a juye, a wanke, a mayar wa yaro da ɗan tukwici a hannu. Kwano ɗaya zai zaga gida goma kafin azahar.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka biyo shi. Kamfanin Lever ya fara yin sabulu a Apapa a shekarun 1920, PZ ta bi sahu a Aba a 1948. A 1920 wani ma'aikacin kamfanin W. J. Bush na Landan, Eric Burgess, ya haɗa turaren Bint el Sudan, mai maiƙo, mara giya a ciki, wanda saboda haka ya samu karɓuwa wajen Musulmi har aka dawo ana ɗura shi a Kano. Hoda ta zo, jan baki ya zo, man shafawa na gwangwani ya zo. Sai dai abin lura shi ne, wannan zubi na farko na kayan kanti bai tara shara ba, domin mazubansa sun fi ƙarfin a yar. Kwalbar turare in ta ƙare ta koma gidan kwalli ko ta miski. Gwangwanin madara ya zama ma'aunin gishiri da gero, ko maƙeri ya huda shi ya yi fitilar aci-balbal. Kwalbar lemo ta zama mudun man gyaɗa, har aka samu masu sana'ar bin gidaje suna sayen kwalabe. Kwanon sha da langa da fanteka sun ture ƙwarya daga jeren ɗakin amarya, musamman bayan da aka kafa masana'antunsu a Kano wajejen samun 'yancin kai, amma su ma kayan gado ne, uwa na tara wa 'yarta tun tana talla.

Wani sabon salon kuma ta gabas ya shigo. Hanyar Makka ta ƙasa ta Barno da Cadi da Sudan take bi, mahajjata kan yi shekaru a kanta, wasu su zauna can gaba ɗaya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira sun bi ɗansa Mai Wurno har bakin kogin Nil, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Ta wannan zirga-zirga, da kuma hannun matan Shuwa da Barebari, dilka da halawa da humra da turaren wuta suka samu gindin zama a Maiduguri, daga can suka watsu zuwa Kano da Kaduna da Damagaram. Halawa dai sukari ce da lemon tsami da ruwa, a dafa su yi danƙo, a cire gashin jiki da ita. Da wuya a samu gyaran jiki mai arha kamarta.

Zanen fulawa a hannu ma ta gabas ya zo, kuma shi ya zo da wahala. Baƙin da ake kira dayis ba lalle ba ne, sinadarin rina gashi ne da ake kira PPD, yana kamawa cikin sa'a guda, abin da lallen gargajiya ke bukatar dare biyu ya yi. Yana kuma iya tayar da ƙuraje da kumburi, likitocin Hartum sun daɗe suna rubutu kan yaran da ya halaka bayan sun sha shi ko an shafa musu da yawa. Duk da haka sauri ya yi nasara. Ƙunshi ya tashi daga taimakekeniya tsakanin matan gida ya zama sana'a, mai ƙunshi ta kafa benci a zaure, 'yan mata na layi tun daga 27 ga azumi. Tsakanin tsohon yayi da sabo an yi zamanin salatif, wanda ake yankawa da reza a fitar da zane, a manna a fata, a shafe da jan lalle, a ɓare da safe.

Leda ita ce ta sauya lissafin gaba ɗaya. Jakar da aka sani yau wani kamfanin ƙasar Suwidin ne ya yi mata rajista a 1965. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya cika Bompai da Sharaɗa a Kano, daga baya Challawa, da masana'antu, cikinsu har da na roba da leda, kuma abin ya yi arhar da ɗan tireda zai ba da ita kyauta. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, mutane suka kasa sayen gwangwani guda, sai kamfanoni suka koma ƙulla kaya kaɗan-kaɗan. Madarar Cowbell ta fito a 'yar leda a 1993, fiya wata ya mamaye tituna a shekarun nan, omo da man kitso da shamfu suka bi baya. Tsohon cinikin na sisi ne ya dawo, bambancin kawai yanzu kowane ɗan mitsitsi da ledarsa yake zuwa, kuma yarinyar da aka aika ba ta riƙe komai sai kuɗi. "Mai shago, ƙaro leda," in ji ta, shi kuwa ya ƙara.

A jajibirin Sallah na yau garin lalle a leda yake, da ledar da aka murɗa aka huda bakinta ake zana shi, a leda ake ƙunshe ƙafa. Ga gashin doki da ya rage wajen kitso, ga ɓawon salatif, ga robar da aka kai wa maƙwabta shinkafa wadda ba mai dawo da ita, balle a yi maganar tukwici. Laifin bai tsaya kan mata ba, ko kusa: ledar ruwa da ake bari a filin idi da hanyar hawa ta fi ta ƙunshi nesa ba kusa ba. Amma duka wuri guda suke haɗuwa, a kwata, daga nan su gangara rafin Jakara da ke bayan Kurmi, su toshe shi, ruwan sama na farko ya shiga gidaje. Mahauta a Kano da Sakkwato da Maiduguri sun saba farka tumbin tunkiya ko saniya su ciro dunƙulen leda, dabbar ta yi ta ramewa mai ita na zargin tsutsa. Manomin da kakansa ke murna da jujin birni yanzu sai ya sa yara sun tsince leda, ko ya cinna wa tarin wuta, kafin ya watsa a gona.

Gwamnatoci sun gwada doka. Hukumar birnin Njamena ta hana leda da gaske a 2010, Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hana shigo da ita da sayar da ita a 2014, Jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci a Janairun 2024. Wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Yamai zai ga iyakar inda dokar Nijar ta tsaya. Hana leda abu ne mai sauƙi a takarda, amma ba a dawo da al'adar fita da mazubi ba, masu yin tandu sun ragu ƙwarai, abin da suke yi ma yawanci na ado ne da baƙi ke saya tsaraba. 'Yan bola jari na kwashe ƙarfe da gorar ruwa da tsohon takalmin roba domin suna da nauyi a sikeli, ledar shago kuwa ba ta biyan wahalar sunkuyawa.

Abin da doka ta kasa, tsada ta ɗan taɓa. Tun da aka cire tallafin man fetur aka saki naira a tsakiyar 2023, man shafawa da sabulun waje suka fi ƙarfin gidaje da yawa. Masu sayar da garin lalle da sabulun salo da man kaɗanya da karkashi sun samu sababbin abokan ciniki, har da 'yan boko masu koyon haɗin dilka a waya, kuma gargaɗin da hukumar NAFDAC ke yi kan mayukan bilicin ya ƙara tura wasu wannan hanya. A Kurmi da Kasuwar Rimi har yanzu da gwangwani ake auna lalle, a buhu yake zuwa daga ƙauye, mai saye na iya cewa a ba ta rabin gwangwani ba wanda zai yi mata kallon banza. In ta zo da robarta za a zuba mata a ciki. Yawanci ba ta zo da ita ba, sai mai kaya ya zaro baƙar leda daga ƙarƙashin tebur, ya ƙulla, ya sake sakawa a wata don kada ta fashe a hanya.